Dokar yawon alewa ta birnin Chesapeake: shekara 49 a littafi, ba a kama ko yaro ɗaya ba

A watan Oktoban 2018 wani ɗan sashe na kundin dokokin birnin Chesapeake, a jihar Bajiniya ta Amurka, ya karaɗe intanet. Sashe na 46-8 ne, kuma gajere ne ƙwarai. Ya ce duk wanda ya haura shekara 12 ya fita yawon neman alewa a daren Halowin ya yi laifi, ana iya cin sa tarar dala 25 zuwa 100, ko a ɗaure shi har wata shida, ko a haɗa masa duka biyun. Sannan ya ce kowa ma, komai ƙanƙantarsa, in ya wuce ƙarfe 8 na dare yana wannan yawo, tarar dala 10 zuwa 100 ta hau kansa, ko ɗaurin da bai wuce kwana 30 ba. Dokar ba sabuwa ba ce. Tun 1970 take nan, kuma hukumar birnin da bakinta ta ce ba a taɓa kama kowa a kanta ba.

Ga yadda al'adar take. Ranar 31 ga Oktoba da yamma yara kan yi shigar dodanni, ko ta 'yan sanda, ko ta jaruman fim, su riƙe jaka ko ɗan bokitin roba, su bi unguwa gida-gida. Suna ƙwanƙwasa ƙofa su ce "trick or treat", wato a ba su alewa ko su yi tsiya, mai gida ya jefa musu alewa ɗaya ko biyu a jaka, su yi godiya su wuce. Unguwa tana da ƙa'idarta da ba a rubuta ba: gidan da ya kunna fitilar baranda yana maraba da yara, wanda ya kashe kuwa ba a taɓa ƙofarsa. A bakin ƙofofi ana ajiye kabewa da aka fafe, aka yanka mata ido da baki, aka sa kyandir a ciki. Bahaushe zai ga kama da tashen azumi ko yawon barka da salla, kuma kamannin na gaske ne, har a matsalar da ke biyo baya.

Abin da ya haifi dokar

An kafa Chesapeake a 1963, da aka haɗe gundumar Norfolk da ƙaramin birnin South Norfolk. A ƙidayar 2020 mutanensa sun kusa 250,000. Birni ne mai cin gashin kansa, ba ya ƙarƙashin wata gunduma, yana da majalisa mai mutum tara har da magajin gari, da manajan birni da ke tafiyar da ayyukan yau da kullum. A Bajiniya ƙaramar hukuma ba ta da iko sai wanda majalisar jiha ta ba ta, amma cikin abin da aka ba birane akwai yin dokoki don kiyaye lafiya da zaman lafiyar jama'a, da sanya hukuncin ƙananan laifuffuka a kansu. Ta wannan ƙofa dokar alewa ta shigo.

Bayanin da jami'an birnin suka bayar shi ne, Halowin ɗin 1968 ta zo da tashin hankali. Cikin abin da aka yi har da jefa abin fashewa na wasa, irin wanda yaranmu ke kira nokawut, cikin jakunkunan ƙananan yara. Wanda ya san yadda jakar takarda ko ta tsumma ke rataye a hannun ɗan shekara shida, kusa da fuskarsa, ya san wannan ya wuce wasa. Iyaye sun fusata, kuma da gaskiyarsu. Bayan shekara biyu majalisa ta zartar da doka.

A nan kuskuren farko ya faru. Laifin da aka yi a 1968 shi ne cutar da yara da ɓarna. Laifin da dokar 1970 ta ƙirƙiro shi ne neman alewa bayan an kai wasu shekaru. Majalisar ta yi lissafin cewa manyan yara ne masu ɓarna, saboda haka in an hana su fitowa gaba ɗaya, an huta. Sai dai wanda ya fito da nufin jefa nokawut ba ya buƙatar riƙe jakar alewa, kuma ba ya ƙwanƙwasa ƙofar kowa. Wanda dokar ta fi saurin kamawa shi ne ɗan shekara 13 mai shigar dodo da ya tsaya a fili, ƙarƙashin fitilar baranda, yana cewa na gode. An bar jaki ana dukan taiki.

Yadda za a zartar da ita, in da za a yi

Abu mafi amfani a irin wannan nazari shi ne a bi dokar taki-taki, daga bakin titi zuwa kotu, a ga inda take karyewa.

Ɗan sanda yana sintiri a unguwa da ƙarfe 7 na dare. Ya hango yara biyar, ɗaya ya fi sauran tsawo. Kafin ya tsayar da shi dole ya sami dalilin zargin cewa ya haura shekarun da doka ta yanke. Me zai duba? Tsawo da kauri da murya, kuma yaron yana cikin shiga, wataƙila fuskarsa a rufe. Tsakanin shekara 11 da 14 ne girman yara ya fi bambanta: akwai 'yar shekara 11 da ta kamo uwarta a tsawo, akwai ɗan 14 da bai fara girma ba. Don haka tun matakin farko, dokar ba ta tsayar da wanda ya karya ta, tana tsayar da wanda jikinsa ya riga shekarunsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a Amurka, inda aka daɗe ana ƙorafin cewa ana yi wa yara baƙaƙen fata kallon sun girme wa shekarunsu.

A ce ya tsayar da shi ya tambaye shi shekarunsa. Yaron ya ce 12. Da me zai ƙaryata shi? A Bajiniya sai yaro ya kai shekara 15 da wata shida yake samun takardar koyon tuƙi, lasisi kuma sai 16 da wata uku. Ɗan shekara 13 ba ya yawo da wata shaida, kuma babu dokar da ta tilasta masa. Abin da ya rage wa ɗan sanda shi ne ya nemi iyaye a waya ko ya kai yaron gida. Wannan na iya cinye rabin awa ko fiye, a daren da yawon gaba ɗayansa awa biyu ne, kuma daren da aka fi buƙatar motar sintiri a mahaɗar tituna.

A ce kuma an tabbatar shekarunsa 13. Yanzu sai a tabbatar ya "yi" yawon, ba rakiya ya yi ba. Birnin Newport News, da ke wannan yanki, ya rubuta a tasa dokar cewa uba ko uwa ko mai riƙo na iya raka yaro, amma kada ya rufe fuskarsa. To yayan da ya riƙo hannun ƙanwarsa, mai gida ya ga ladabinsa ya miƙa masa alewa shi ma, ya karɓa, ya yi laifi ko bai yi ba? In ya riƙe mata jakar saboda ta yi nauyi fa? Babu rubutun doka da zai raba wannan.

Mataki na ƙarshe shi ne kotu. Wanda bai kai 18 ba, a Bajiniya, maganarsa tana zuwa kotun yara da al'amuran iyali, kuma kafin ta kai gaban alƙali sai ta bi ta hannun jami'in karɓar ƙara, wanda ke da ikon kashe ƙaramar magana ba tare da shari'a ba. Da wuya a sami jami'in da zai tura ƙarar alewa gaba, ko alƙalin da zai tsare yaro a kanta. Ke nan wata shidan da ya tayar da hankalin duniya bai taɓa zama abin da zai faru ba. Amma yana rubuce, kuma rubutacciyar doka ba ta mutuwa don an daina amfani da ita.

Akwai wani abu da masu kare dokar ba su cika faɗa ba. Duk ɓarnar da ake tsoro tana da dokarta a matakin jiha, mai nauyi fiye da ta alewa. Lalata dukiyar wani da gangan, in darajarta ba ta kai dala 1,000 ba, ƙaramin laifi ne mai daraja ta ɗaya, wanda hukuncinsa ke kaiwa wata 12 da tarar dala 2,500. Ƙaramar sata haka. Shiga harabar mutum bayan ya hana haka. Har rufe fuska ma akwai dokar jiha da ta hana wanda ya haura 16 yin haka a bainar jama'a don ɓoye kamanninsa, sai dai ta ware shigar bukukuwan gargajiya. Ɗan sandan da ya kama mai fasa kabewar mutane bai taɓa buƙatar sashe na 46-8 ba.

2018 da gyaran 2019

Da labarin ya bazu, kafafen yaɗa labarai na ƙasa suka ɗauka, ɗan barkwancin talabijin Jimmy Kimmel ya yi wa birnin ba'a a shirinsa na dare, kiraye-kiraye da saƙonnin zagi suka yi ta sauka a ofisoshin hukuma daga mutanen da ba su taɓa taka Chesapeake ba. Amsar da birnin ya bayar ita ce 'yan sanda za su mai da hankali kan lafiyar kowa, ba za su bi suna neman masu karya ƙa'idar shekaru ko ta lokaci ba. Har misali ya kawo: ɗan shekara 13 da ke yawo lafiya lau tare da ƙaninsa ba zai gamu da matsala ba, amma in shi ɗin ne ke ɗauke kabewa daga baranda yana fasawa a titi, zai iya gamuwa.

Wannan amsa ta kwantar da hankalin iyaye, kuma niyyarta mai kyau ce. Amma a duba abin da ta amsa da shi. Ta ce doka ta haramta abu, mu kuma ba za mu hana ba, sai ga wanda muka ga dama. Doka irin wannan tana mai da kowane ɗan shekara 13 da ya fito mai laifi, sannan ta bar wa ɗan sanda ɗaya, a cikin duhu, ya zaɓi wanda zai tsayar. A ce yau shugaban 'yan sanda mai sassauci ne. Alƙawarinsa a shafin intanet yake, ba a kundin doka ba. Kuma ko ba a kama kowa ba, dokar tana aiki ta wata hanya: maƙwabci mai zafin rai ya kira 'yan sanda a kan yaran da bai so ganin su a layinsa ba, yana da sashen da zai ambata. Uwa mai tsoron hukuma, musamman baƙuwa a ƙasar, ta hana ɗanta fita. Waɗannan ba sa shiga ƙididdigar kamu.

A watan Maris 2019, lokacin Rick West yana magajin gari, majalisar ta gyara sashen. An ɗaga iyakar shekaru daga 12 zuwa 14. An cire ɗauri gaba ɗaya. An mai da laifin ƙaramin laifi mai daraja ta huɗu, mafi sauƙi a jerin jihar, wanda hukuncinsa tara ce kawai da ba ta wuce dala 250 ba. Ƙarfe 8 na dare ya tsaya yadda yake.

Cire ɗaurin daidai ne, kuma ya daɗe da kamata. Amma a lura: ƙololuwar tarar a rubuce ta tashi daga 100 zuwa 250, duk da cewa dala 100 ta 1970 ta fi dala 600 ta 2019 a ƙarfin saye. Matsalar tantance shekaru ba ta gushe ba, an dai matsar da ita gaba da shekara biyu. Ɗan 15 ma ba lalle ne yana da shaida ba. Iyakar shekaru kuma ba ta san saurayi ɗan 17 mai larurar ƙwaƙwalwa wanda hankalinsa na ɗan takwas ne ba, wanda ya shekara yana jiran wannan dare. Shi ma birnin bai samu hutun da ya nema ba, domin tsohon rubutun mai wata shida ya ci gaba da dawowa Facebook in Oktoba ta zagayo, jami'ai suna sake bayanin cewa an canza.

Gyaran ya kuma haifar da wani sabon ruɗani. Biranen yankin Hampton Roads manne suke da juna: Norfolk, Portsmouth, Suffolk da Virginia Beach duk suna iyaka da Chesapeake, kuma a lokacin iyakarsu ta shekaru 12 ce, da tashi ƙarfe 8. Akwai unguwannin da ba ka sanin ka fita daga wannan birni ka shiga wancan sai ka ga allo. Bayan 2019, ɗan shekara 13 yana kan doka a wannan layi, ya tsallaka ya zama mai laifi a na gaba. Iyalin da suka je gidan kaka don yawon, dokar garin kaka ce ke kansu, ba ta garinsu ba.

Haɗarin da dokar ba ta kalla ba

A ƙarshen Oktoban 2018, daidai lokacin da ake wannan surutu, mujallar likitocin yara ta JAMA Pediatrics ta buga binciken da John Staples na Jami'ar British Columbia ya jagoranta. Sun ɗauki bayanan haɗurran mota na Amurka na shekara 42, daga 1975 zuwa 2016, suka kwatanta daren Halowin, daga ƙarfe 5 na yamma zuwa tsakar dare, da irin wannan dare mako guda kafin da mako guda bayan. Masu tafiya a ƙasa 608 suka mutu a dararen Halowin ɗin. Haɗarin ya fi na sauran dararen da kashi 43 cikin ɗari. Ga yara 'yan shekara 4 zuwa 8, ya ninka kusan sau goma.

A ɗora wannan a kan sashe na 46-8. Yaran da mota ta fi kashewa su ne waɗanda dokar ta ba izinin fita. Dalilan kuma sanannu ne: baƙaƙen tufafi, abin rufe fuska da ke toshe ganin gefe, doguwar shiga da ke harɗe ƙafa, yaro ya hango gidan da ke haske a tsallake ya ruga ta tsakanin motocin da aka ajiye. Wanda ke riƙe hannun wannan yaro, a gidaje da yawa inda uwa da uba ke wurin aiki, shi ne yayan nan ɗan 13 ko 15. Dokar da ke sa shi jin tsoron fitowa tana cire mai tsaro daga titi.

Shi kansa ƙarfe 8 ɗin ma'anarsa ta sauya ba tare da majalisa ta taɓa shi ba. A 1970 ana mai da agogo baya a Lahadin ƙarshen Oktoba, saboda haka rana kan faɗi a Chesapeake bayan ƙarfe 5 kaɗan a daren Halowin. Daga 2007 gwamnatin tarayya ta kai canjin agogon zuwa Lahadin farkon Nuwamba, faɗuwar rana ta koma bayan ƙarfe 6 kaɗan. Awa uku na duhu sun zama biyu. A cikin dokar duka, ƙa'idar lokaci ce ta fi hujja, domin tana ba tsofaffi da masu aikin asuba damar sanin lokacin da ƙwanƙwasa za ta tsaya. Amma ita ma fitilar baranda tana yin aikinta ba tare da tara ba.

Tsoron guba a alewa, wanda iyaye ke yawan ambata, Joel Best na Jami'ar Delaware ya shafe shekaru yana bin rahotanninsa, bai sami inda baƙo ya kashe yaro ta wannan hanya ba.

Wata hanyar da aka bi

Birnin Des Moines na jihar Iowa ya fuskanci irin wannan ɓarna tun kafin Chesapeake. A Halowin ɗin 1938 'yan sandansa sun amsa kira fiye da 550. Kathryn Krieg, jami'ar wasanni ta birnin, ba ta nemi a hana yara fita ba. Ta ware daren 30 ga Oktoba, ta yaɗa ta makarantu da jaridu cewa sai yaro ya yi wani abu, waƙa ko ɗan wasa, kafin a ba shi alewa. Daga baya abin ya koma kacici-kacici da barkwanci a bakin ƙofa. Zuwa tsakiyar shekarun 1940 kiran 'yan sanda ya ragu da fiye da rabi, kuma al'adar ta rayu fiye da shekara 80 ba tare da an mai da yaro mai laifi ba. Wasu garuruwan sun bi sawun Chesapeake: Belleville a Illinois ya sa iyaka a 2008, Bathurst a Kanada ya sa tasa sannan ya sassauta a 2017 zuwa shekara 16 da ƙarfe 8.

Mai karatu a Kano zai gane wannan tirka-tirka. A shekarun baya-bayan nan rundunar 'yan sandan jihar ta sha sanar da dakatar da tashe cikin azumi, saboda 'yan daba da ke fakewa da shi su yi ƙwacen waya da faɗan unguwa. Damuwar ta gaske ce, kamar ta iyayen Chesapeake a 1968. Tambayar ma iri ɗaya ce: wa haramcin ke zaunarwa a gida, mai wuƙa ko yaron da ya ɗaura gemun auduga?

Ga majalisar birni da ke son yin abu mai amfani a wannan dare, kayan aikin suna hannunta kuma ba su da tsada. Ta sanar da lokaci, 6 zuwa 8, a matsayin shawara, ta makarantu da shafinta, makonni biyu kafin ranar, ta kuma daidaita da biranen maƙwabta don kada kowane layi ya zama da tasa ƙa'ida. Ta rufe wa motoci layukan da yara suka fi cika na waɗannan awanni biyu, da shinge da jami'i ɗaya a kowane baki. Ta sa a duba fitilun titi a gyara matattu kafin ƙarshen wata. Ta ajiye motocin sintiri a manyan mahaɗu, ta tsananta binciken masu tuƙi cikin maye, domin daren na shagalin manya ne kuma. Ta raba tef mai ƙyalli da za a manna a jaka da bayan riga. Mai ɓarna kuwa a kama shi da dokar ɓarna. A Chesapeake, soke iyakar shekarun ba ya buƙatar komai sai lauyan birni ya rubuta ƙudiri, a saurari jama'a a zaman majalisa, a sami rinjayen ƙuri'a cikin mutum tara, kamar yadda aka yi a watan Maris 2019 lokacin da aka zaɓi a gyara maimakon a soke.